Gasar 'Yan Kasuwa A Telebijin: A Bar Yara Su Kalla?

Yau ina so mu tattauna a kan wani baƙo da ya shigo mana ɗaki ba sallama, watau shirye-shiryen nan na telebijin inda ake tara matasa a sa su gasar kasuwanci, a yi ta korar wasu, daga ƙarshe a ba mutum ɗaya kuɗi. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana kuwa, wani abu ne da na gani da idona a makarantar da nake koyarwa a nan cikin birnin Sakkwato.

Ran nan an fita tara, ina zaune a baranda ina duba littattafan lissafi, sai na hangi 'yan ajina na shida sun jawo benci sun ajiye a gindin dogonyaro. Uku daga cikinsu sun zauna sun ɗora ƙafa kan ƙafa, sun sha mur, wai su ne attajirai. Sauran kuma suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya a gabansu ya faɗi sana'ar da yake so a ba shi jari ya yi. Da farko abin ya ba ni dariya. Can sai layi ya zo kan wata yarinya mai sanyin hali, wadda na san in an tashi makaranta takan ɗauki farantin ƙuli-ƙulin uwarta ta zaga unguwa. Ta fara bayani ke nan, murya na rawa, sai ɗaya daga cikin na kan bencin ta miƙa yatsa har kusa da hancinta ta ce, "An kore ki!" Wata kuma ta ƙara da cewa, "Je ki wanke hannunki tukuna, ƙarnin mai kike yi." Aka kwashe da dariya. Yarinyar nan ta ja hijabi ta rufe fuska, har aka koma aji ba ta ɗago ba.

Da na tambaye su inda suka koyi wannan wasa, wata ta ce a tashar tauraron ɗan'adam take gani a gidansu, wani kuma ya ce a wayar yayansa. Ba na son in soki abin da ban gani ba, saboda haka na ɗauki 'yan makonni ina kallon irin waɗannan shirye-shirye, na gida da na waje. Abin da na fahimta shi ne zan gaya muku, kowace kuma sai ta auna da hankalinta.

Shirye-shiryen nan iri biyu ne. Iri na farko shi ne wanda ake tara matasa a raba su ƙungiya biyu, a ba su aikin saye da sayarwa, kowane mako a zaunar da waɗanda suka faɗi a gaban maigida, su yi ta ɗora wa juna laifi, har ya nuna ɗaya da yatsa ya ce an kore shi. A Amurka aka fara wannan a shekarar 2004, da suna The Apprentice, watau ɗan koyo, kuma maigidan da ke korar mutane a lokacin shi ne Donald Trump, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasarsu. An kawo irinsa nan Nijeriya a 2008, aka ɗauka a Ikko, aka kira shi The Apprentice Africa. Mutum 18 suka shiga daga ƙasashen Afirka dabam-dabam, Biodun Shobanjo ne maigida, wani ɗan Ghana ya cinye, aka ba shi aiki mai albashin dala 200,000 a shekara. Bayansa kuma sai ga The Next Titan, wanda aka fara a 2013.

Iri na biyu kuwa shi ne wanda yarana suka fi kwaikwayo. Attajirai za su jeru a kan kujeru, mai sana'a ya shigo ya tsaya, ya nuna hajarsa, ya ce yana son jari kaza, shi kuma zai ba da kashi kaza na kasuwancinsa. In sun ga dama su zuba kuɗinsu, in ba su ga dama ba kowa ya ce ba ya ciki. Asalinsa daga Japan ne a 2001. Ingila ta ɗauka a 2005 ta sa masa suna Dragons' Den, Amurka ta bi a 2009 da Shark Tank, mu ma an yi mana namu a 2008, sa'an nan a 2021 aka fito da Lions' Den. Ku lura da sunayen nan, 'yan'uwa. Na farko ma'anarsa kogon dodanni, na biyu tafkin manyan kifayen nan masu cin mutane, na uku kogon zakuna. Tun daga suna an gaya wa yaro cewa mai kuɗi dodo ne, mai neman jari kuwa nama ne.

To, amma kada in zama mai tauye mudu. Akwai alheri a cikin abin nan, kuma ba kaɗan ba. In aka gwada shi da wasu shirye-shiryen da ke cika akwatunanmu, irin su Big Brother Naija da aka rubuta wa lamba 18 a kusurwa, ko finafinan soyayyar da ake fassarawa ana nunawa dare da rana, lalle gasar kasuwanci ta fi su tsabta nesa ba kusa ba. Ba tsiraici, ba rungume-rungume, magana ce ta aiki da kuɗi. Na kuma ji daɗin ganin mata sun tsaya a gaban manyan mutane suna bayanin sana'arsu ba in'ina, an tambaye su nawa suka kashe, nawa suka samu, sun ba da amsa daidai. Wannan abu ne da nake so kowace ɗiya tamu ta iya. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Uwar Muminai Nana Khadija 'yar kasuwa ce mai aika fatake har Sham. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi faɗa ƙwarai a rubuce-rubucensa da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Mu da muke zaune kusa da Hubbare bai kamata a ce mu ne masu tsoron ɗiya mace ta buɗe baki ta yi lissafi ba.

Lissafin ma shi ne babban amfanin abin. Na daɗe ina fama da 'yan aji shida a kan darasin kashi cikin ɗari, kamar ina zuba ruwa a rariya. Sai na ba su labarin wata yarinya Ba'amurkiya mai suna Mikaila Ulmer, wadda ta je Shark Tank a 2015 tana da shekara goma ko kusa da haka, tana sayar da ruwan lemon tsami da take haɗawa da zuma. Wani attajiri ya yarda zai ba ta dala 60,000 a kan kashi 25 cikin ɗari na kasuwancinta. Na ce musu, to, in rubu'in abu ya kai dubu sittin, dukansa nawa ke nan? Kafin in juya ga allo hannuwa sun tashi sama, dubu ɗari biyu da arba'in! Abin da na yi mako biyu ina nema, labarin kuɗi ya ba ni cikin minti biyar. Saboda haka duk wadda ta ce mini shirin nan ba shi da wani amfani ga yaro, sai in ce mata ba ta duba da kyau ba.

Amma fa yaro ba lissafi kaɗai yake ɗauka ba. Hasali ma lissafin shi ne abu na ƙarshe da yake ɗauka, in ba wani babba a kusa da zai nuna masa. Abin da ke fara shiga kansa shi ne yatsan nan da ake nunawa, da kallon raini, da kiɗan ban tsoro da ake sakawa sa'ad da za a kori mutum, da yadda ake kawo fuskar mai kuka kusa-kusa don kowa ya gani. Su masu shirin sun san abin da ke riƙe mai kallo ke nan. Da a ce za a nuna mutum biyu sun yi ciniki cikin mutunci sun rabu lafiya, wa zai zauna kallo? Wulaƙancin nan shi ne gishirin miyarsu. Babba in ya gani ya san wasa ne aka shirya. Yaro ɗan shekara tara kuwa ɗauka yake haka manya ke yi, haka ake zama babban mutum.

Ku tuna yadda muke ciniki a nan. Je ki Babbar Kasuwa ko Kasuwar Daji ki taya kaya. Mai kaya ya ce dubu biyar, ki ce dubu biyu. Ko da tayin naki ya yi masa ciwo, me zai ce miki? "Albarka." Kalmar da Bahaushe ya zaɓa don ƙin tayi ke nan, addu'a ce. Ki ƙara, ya ce albarka, ki ƙara, ya ce ya sallama, ki biya, ya yi miki gyara, ki ce Allah ya ba da kasuwa, ya ce Allah ya amfana. In ma ba ku daidaita ba, kin tafi da mutuncinki, ya zauna da nasa, gobe kuma ku gaisa. Sau nawa kika je wurin mai atamfa ya ce ba shi da irin wadda kike so, amma ya aiki yaronsa rumfar maƙwabcinsa ya karɓo miki? Sau nawa kika ga lokacin salla ya yi, mutum ya bar rumfarsa a buɗe a hannun wanda suke sayar da kaya iri ɗaya? Su ma gasa suke yi, kowa yana son ciniki ya zo wurinsa, amma gasar tana da linzami. Addininmu ya hana mutum ya shiga cinikin ɗan'uwansa ya ɓata, ya hana ƙara tayi na ƙarya don a yaudari mai saye, ya hana algus, akwai kuma sura sukutum a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu. Ba na cewa duk 'yan kasuwarmu waliyyai ne, a'a, mun san masu ɓoye hatsi sai ya yi tsada, mun san masu bubbuge gindin mudu. Amma ko su sun san abin kunya suke yi, shi ya sa suke ɓoyewa.

A telebijin kuwa, musamman irin na farkon nan, abin kunyar shi ne gwaninta. An zaunar da abokan aiki uku, waɗanda jiya tare suka sha rana, a ce kowa ya faɗi wanda ya kamata a kora. Wanda ya fi iya tona asirin ɗan'uwansa shi ke tsira. Wanda ya ce laifina ne, sau da yawa shi ke ɗaukar jakarsa. Ke uwa, kin kwana kina koya wa ɗiyarki cewa in ta fasa kwano ta faɗi gaskiya, kada ta ɗora wa ƙanwarta, sa'an nan da dare ki bar ta ita kaɗai gaban akwati tana ganin an yi wa mai ɗora laifi tafi. Wanne kike tsammani zai zauna?

Sai kuma maganar gaskiyar abin da ake nunawa. Suna kiransa shirin gaskiya don wai ba 'yan wasan kwaikwayo ba ne, amma an tace shi kamar koko. Mutum yakan tsaya kusan awa guda yana amsa tambayoyi, a yanke a nuna minti goma, a zaɓi wurin da ya yi tuntuɓe ko wurin da ya yi hawaye. Hannun da ake gani an sha a ƙarshe ma ba shi ne ƙarshen zance ba. A 2016 mujallar Forbes ta bi sawun waɗanda aka yi wa alkawarin jari a Shark Tank, ta samu cewa kimanin kashi 43 cikin ɗari na waɗanda ta tambaya cinikin nasu ya rushe bayan an kashe fitilu, wasu kimanin kashi 30 kuma an sauya musu sharuɗɗa. Wannan ba a nuna wa yaro. Ba a kuma nuna masa cewa bankin da ya ɗauki nauyin The Apprentice Africa, watau Bank PHB, shi kansa bai wuce 2011 ba aka karɓe lasisinsa, haka kuma Heritage Bank da ya daɗe yana ɗaukar nauyin The Next Titan Babban Banki ya soke nasa lasisin a watan Yuni na 2024. Ban faɗi wannan don dariya ba, akwai bayin Allah da kuɗinsu ya maƙale. Na faɗa ne don mu san cewa kasuwa ba ta da ɗan gata, kuma abin da ake gani a fuskar akwati ba shi ne dukan labari ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda kuma ban ji masu gardamar nan a wasu wurare suna ambatawa ba, domin su ba shi ne ciwonsu ba. Bature yana tambaya ko ya dace ɗansa ya kalli kasuwanci a telebijin, saboda ɗan nasa bai taɓa sayar da ko allura ba. Mu fa 'ya'yanmu suna cikin kasuwa tsundum tun kafin su iya ɗaura zane. Fita da hantsi ki bi ta Runjin Sambo, ko Mabera, ko bakin babbar tashar mota, ki ƙirga 'yan matan da ke ɗauke da farantin awara, da dafaffiyar gyaɗa, da zogale, da ruwan leda, a daidai lokacin da ya kamata a ce suna aji. Waɗannan ba sa bukatar wani attajiri ya koya musu riba da faɗuwa. Sun san in rana ta yi ba a sayar ba akwai faɗa a gida. Sun san masu cin kaya su ce gobe, sun san masu cewa shigo daga ciki ki karɓi kuɗinki. Kowace uwa ta san abin da nake nufi, ba sai na fasa ƙwai ba.

Na san dalilin talla, ni ma a cikin gari na tashi. Mace tana cikin kulle, sana'arta a ɗaki take, ɗiyar nan ita ce ƙafarta. Da ribar ake zubin adashi, da adashin ake tara kayan ɗaki, ranar biki kuma ba wanda zai tambayi uwa ina takardar makarantar ɗiyarta, gado da kwanuka za a duba. Ga kuma tsadar rayuwa da ta sa kuɗin cefanen da maigida ke bayarwa ba ya kai wa la'asar. Ba na zagin kowa. Amma ga abin da ya tayar mini da hankali. Kwanan baya na je gidan wata ɗalibata da ta yi mako biyu ba ta zo ba, yarinya mai kai, ba ta wuce na uku a aji. Uwarta ta karɓe ni hannu biyu, ta kawo mini fura, sa'an nan ta ce, "Malama, ai yanzu zamanin sana'a ne. Ga masu digiri nan suna zaman kashe wando. Ko a telebijin ba ki ga 'yan kasuwa ake ba miliyoyi ba?" Ashe har shirin nan ya zama hujja.

'Yar'uwa, in kin taɓa yin irin wannan tunani, ki sake kallon shirin da idon basira. Su wa ake ba miliyoyin? Akwai mai farantin awara a cikinsu? Duk wanda kika gani a wurin nan ya iya karatu da rubutu, ya zo da lissafinsa a rubuce, yawancinsu sun gama jami'a. Tambayar farko da ake yi musu ita ce ta ƙididdiga, wanda ya kasa kuma shi ake fara sallama. Yarinyar nan mai ruwan lemon tsami da na ambata, mahaifinta na tsaye a gefenta, kuma ba a cire ta daga makaranta don lemo ba. Mutanenmu suna son kawo misalin Alhaji Aliko Ɗangote, wai ya ce tun yana firamare yake sayen kwalin alewa yana sayarwa. Gaskiya ne ya faɗa. Amma a ƙarasa labarin mana: bai ajiye littafi ya bi alewa ba, sai da ya je har Jami'ar Azhar ta Masar ya yi karatu, kafin ya kafa kasuwancinsa a 1977. In akwai darasi ɗaya da shirin nan yake koyarwa da gaske, to shi ne cewa sana'a ba ilmi iyakarta faranti. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne, daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, inda ma ake koyar da darasin kasuwanci. In ba makawa sai an yi tallar, a bari sai an tashi makaranta, a cikin unguwa, a dawo kafin magariba.

To, a bar yara su kalla ko kada a bari? Ga nawa ra'ayin, wadda take da wanda ya fi shi ta rubuto. Yaron da bai kai shekara goma ba, ni ban ga abin da zai tsinta a ciki ba sai yatsa da harara. Lissafin ya fi ƙarfinsa, wulaƙancin kuwa daidai kansa. A kashe, ko a sauya tasha. Daga 'yan aji shida zuwa sama, irin na biyun nan, na masu neman jari, ba laifi su kalla, amma da sharaɗin akwai babba a zaune. Irin na farko mai korar mutane kowane mako kuwa, ni dai sai ɗiya ta shiga babbar sakandare zan bar ta. Ko Ingila da suka yi na yara a 2010, 'yan shekara 16 da 17 suka ɗauka, ba 'yan firamare ba, kuma a 2012 suka daina.

Zaman babba da na ce ba wai ki zauna kina tsinke zogale hankalinki na wani wuri ba. Kuma kada ki ce ai ni ban ji Turanci ba. Wannan ma dama ce. Ki ce wa ɗiyar ta fassara miki, kin ga ta yi darasin Turanci ba ta sani ba. Ke kuma da kika shekara goma kina sayar da ɗanwake ko kina saƙa hula, kin fi ta sanin kasuwa. Tambaye ta, nawa ne uwar kuɗin mutumin nan, nawa ce ribarsa? Da ke ce, za ki ba da rabin sana'arki don wannan kuɗi? In aka yi wa wani tsawa, ki ce mata, kin ga wannan, da a rumfar kakanki ne da me zai ce? In aka kori wata tana kuka, ki tambaye ta, gobe in Allah ya kai mu me kike tsammani matar nan za ta yi? Domin su ba sa nuna goben wanda ya faɗi, alhali kuwa a kasuwa masu faɗuwa su tashi sun fi masu cin gasa yawa.

Wata abokiyar aikina ta ce mini ina lalata yara da tausayi, wai duniyar yanzu sai mai taurin rai, gara su saba da jin "an kore ki" tun suna ƙanana. Na ce mata, yarinyar da ke yawo da faranti a zafin Sakkwato na watan Afrilu, ƙafa ba takalmin kirki, ba ta bukatar darasin taurin rai daga wurin kowa. Waɗanda na ga suna koyon wani abu daga shirin su ne na kan benci, kuma abin da suka koya ba juriya ba ne.

Akwai kuma maganar waya, wadda ta fi ta akwati wuya. Akwati yana tsakar ɗaki, kowa na ganin abin da ake kallo, in an ɗauke wuta kuma shi ke nan. Waya kuwa tana shiga har cikin bargo. Abin da ake yaɗawa a cikinta ba ma dukan shirin ba ne, gutsattsari ne na minti ɗaya ko biyu, an zaɓo daidai wurin da aka ci wa mutum fuska, an yar da lissafin. Wannan sai mun haɗa kai da iyayen gida da yayye maza, domin yawanci wayarsu ce. Malam, in ka karɓi jaridar nan daga hannun uwargida kana karantawa, da kai nake.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ban hana ku sha'awar kasuwanci ba, ina ma a ce a cikinku a samu wadda za ta fitar da jar fatar Sakkwato ko albasar Goronyo zuwa ƙasashen waje da sunanta a jikin kwali. Ki sayi ɗan littafi na musamman. In mamarki na sana'a, ki roƙe ta ki riƙa rubuta mata abin da aka kashe da abin da aka samu kowace rana, har da kuɗin itace da na niƙa da wanda aka ci bashi. Bayan wata guda ku zauna ku duba. Sau da yawa za ku tarar abin da ake ɗauka riba uwar kuɗi ce ake ci. Amma in na sake jin wata ta nuna wa 'yar'uwarta yatsa don uwarta na soya ƙuli-ƙuli, ni da ita ne.

Game da 'yan ajina kuwa, ban hana su wasan ba, domin na san in na hana za su koma bayan aji su yi. Ranar Alhamis da ta biyo na mayar da shi darasi. Na ce kowa zai zo gaban allo ya faɗi sana'a, ya rubuta abin da zai kashe da abin da zai samu, masu benci kuma in ba su gamsu ba kalma ɗaya aka yarda su faɗa, albarka. Wanda ya nuna yatsa ya sauka daga benci. 'Yan gayun nan da yawa sun zo da manyan sana'o'i, mai kamfanin jirgin sama, mai gidan mai, amma da aka ce su rubuta sai alli ya tsaya. Da aka zo kan mai ƙuli-ƙuli, da ƙyar na lallashe ta ta tashi. Ta rubuta kuɗin tiyar gyaɗa, da na suya, da na niƙa, da na itace. Ta rubuta kwalaben man da ake samu da kuɗin kowace kwalba, sa'an nan ƙuli-ƙulin da ake yi da tunkuzar. Ta ce ai a wurin man ake mayar da uwar kuɗi, ƙuli-ƙulin shi ne riba. Ajin ya yi tsit. Wadda ta kore ta ran nan ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mene ne tunkuza?" Na miƙa wa mai ƙuli-ƙuli allin na ce ta yi mata bayani, ni kuma na koma baya na zauna a kan bencinta.